Kunnen Hagu na Tafinta Allal

Titwan, 9 ga Oktoba

Zuwa ga 'yar baffana Yamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Bushta da yara, waɗanda na san yanzu sun wuce a kira su yara. Ni ne Allal jikan Hammu, wanda kakana da kakanki ciki ɗaya suka fito. Na faɗi haka ne don shekara goma sha tara ke nan ba ki ga rubutuna ba, in kin manta da ni ba zan ga laifinki ba. Matata Nuzha tana lafiya. Ba ta san na rubuto ba.

Ni kam lafiyar da sauƙi. A watan Agusta na yi mura ta kwana uku, na ɗauka ta wuce. Ran nan da safe na tashi zan yi alwala, sai ɗakin ya juya da ni, na faɗi a bakin ƙofa ina amai. Da jirin ya lafa bayan mako guda, sai na tarar kunnena na hagu ya mutu. Ba na jin komai da shi sai wata ƙara mai kama da ta tukunyar shayi in ta tafasa, ba dare ba rana. Shi ya sa ban nemi lambarki na kira ba, waya ta zame mini azaba.

Kin san aikina. Shekara ashirin da shida ina tafinta a kotu, ina juya yaren dutsenmu zuwa Larabci. Da kunne nake ci. Saboda haka na ɓoye, na ƙi zuwa asibiti har mako biyar, don kada takarda ta isa wurin aiki. Da na je, likita ya ce kumburi ne ya kama can cikin kunnen, inda jijiyar ji take. Ya ce da na zo a makon farko da ƙwayoyin rage kumburi sun yi aiki. Ya ba ni su duk da haka, na shanye, shiru.

A ɗakin jiransa na karanta wata mujalla, an ce masu bincike suna gwada man da ake tatsa daga abin nan a kan kumburin kunne. To, na ji labarin yanzu kina cikin masu riƙe da ƙungiyar manoman ƙauye. Roƙona shi ne ki aiko mini da ɗan abin da kuke yi, ko kaɗan ne. Ki ba direban tasi, kada ki rubuta suna a jikin ƙunshin. Kada kowa ya sani, musamman Bushta.

Naki,
Allal

Tizi Ufalla, 24 ga Oktoba

Si Allal,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Bushta yana nan da tarinsa, wanda ya ɗauko daga inda ka sani. Zulikha ta haihu na biyu, Sha'aib yana koyon kanikanci a garin Targist. Baffa Mohand ya rasu shekara shida da suka wuce. An aika maka, ban sani ba ko saƙon ya shiga ta kunnen hagun ne.

Na karanta wasiƙarka sau uku a tsaye a bakin tanda har burodina ya ƙone. "Abin nan." "Abin da kuke yi." Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana cin abinci da kalmomi, ya rasa kalma ɗaya? Sunansa kif, Si Allal, wiwi. Shi ya saya maka takalmin da ka fara zuwa makaranta da shi, shi ya kai ka Fas karatu. Faɗi sunansa, bakinka ba zai ƙone ba.

Sannan me kake nufi da in ba direba a ɓoye, ba suna? Mu yanzu da lasin muke noma. Irin da muke shukawa a rubuce yake, ranar girbi jami'ai suna tsaye a kan ma'auni, ganye ɗaya ba ya fita sai zuwa masana'anta. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da Bushta yake zuwa kasuwar Laraba ba tare da yana waiwaye ba. Kai kuma kana so in naɗe wani abu a tsumma in tura birni, a tare motar a hanya, a kawo ni gabanka, alƙali ya tambaye ka ko ka san ni. Amsar da za ka bayar ai mun riga mun ji ta sau ɗaya.

Na kwana biyu ina tunanin ko turo ka aka yi ka gwada mu. Wallahi har yanzu ban gama cire wannan daga raina ba. In ciwon gaskiya ne, Allah ya ba ka lafiya. In kana da magana, ka yi ta a fili.

Yamna

Titwan, 12 ga Nuwamba

'Yar baffana,

Na gode da amsa, ko da mai zafi ce. Allah ya raya abin da Zulikha ta samu, Allah ya ji ƙan Baffa Mohand. Saƙon rasuwarsa ya iso ni. Kunya ce ta hana ni zuwa, kuma kunyar rashin zuwan ta ƙara hana ni rubutu.

Ba wanda ya turo ni. Man wiwi nake nufi, na magani, ba na sha ba. Ga shi na rubuta. Ban yi tunanin haɗarin da zan jefa ki ba, kaina kawai na gani, kamar kullum.

Kin yi gaskiya a kan Bushta. Ranar da aka shigo da shi da ankwa, alƙali ya ga sunan ƙauyenmu ɗaya, ya ce, "Tafinta, akwai dangantaka?" Na ce, "Ban san shi ba, ya mai shari'a." Da na ce na san shi, wani tafintan kawai za a kira, ba abin da zai same ni. Amma a wurin aiki na riga na gaya wa kowa mu 'yan kasuwar zaitun ne. Bushta ya dube ni. Na fassara masa shekara huɗunsa da bakina.

Tun da kin ce in yi magana a fili, ga abin da ya sa na rubuto miki tun farko. A ƙarshen Satumba an kawo wani makiyayi, Ayyad, ana zarginsa da cinna wa daji wuta. Aka kira maƙwabciyarsa shaida, wata tsohuwa Fattush, ba haƙori a bakinta, muryarta kamar ta sauro. Ta tsaya ta haguna. Aka tambaye ta ko ta ga Ayyad a bakin daji ranar gobarar. Ta yi magana ƙasa-ƙasa. Kin san a yarenmu tsakanin "na gan shi" da "ban gan shi ba" ɗan ƙaramin sauti ne a gaba. Ban ji shi ba. Da na ce ta maimaita da shi ke nan, amma a safiyar na riga na sa an maimaita mini magana sau huɗu, magatakarda ya fara kallona. Sai na ce, "Ta ce ta gan shi."

An ba shi shekara biyu. Da na fito, tsohuwar ta tare ni a baranda, ta kama hannuna ta sumbata, ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na gaya musu ban gan shi ba, yanzu za su sake shi ko?" Wannan karon ta damana ta tsaya, na ji kowace kalma. Na ce mata, "In sha Allahu, Inna." Na shiga banɗaki na kulle.

Yamna, ina ganin in kunnen ya dawo, zan nemi wata dabara in gyara ba tare da kowa ya san dalili ba. In na faɗa yanzu, za a tone duk shari'ar da na yi tafinta tun Agusta, Nuzha da danginta su ji, sunana ya shiga bakin masu shan shayi. Ki taimake ni da man nan ta hanyar da ta halatta, in akwai.

Allal

Titwan, 3 ga Janairu

Yamna,

Ina gaisuwa, ina fata sanyi bai matsa muku ba. Mako bakwai ke nan ina zuwa gidan waya ana girgiza mini kai. Na fahimta. Ni ma da ni ne ke, ba zan amsa ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki ƙona waccan wasiƙar in ba ki riga kin nuna wa wani ba.

Kada ki ƙara wahalar da kanki a kan man. Na yanke shawara. Na gaji da ƙarar nan, na gaji da kallon bakin mutane ina cankar abin da suke faɗa. Kafin ƙarshen watan nan zan huta da komai, ba wanda zai ƙara jin muryata a ko'ina. Ki yafe mini abin da za ki iya yafewa.

Allal

Tizi Ufalla, 15 ga Janairu

Yaya Allal,

Innalillahi! Wace irin magana ce wannan? Za ka huta da komai? Ba wanda zai ƙara jin muryarka? Ka ji tsoron Allah. In wani abu kake shirin yi wa kanka, wallahi ban yafe ba, duniya da lahira. Ka bar Nuzha da wa? Ka bar bawan Allah a kurkuku, kai kaɗai ka san gaskiyarsa, ka tafi da ita kabari?

Bari in gaya maka dalilin shiruna, tun da kai komai sai ka fassara shi ba daidai ba. Makon farko fushi nake, ba zan ɓoye ba. Na ajiye wasiƙarka a cikin tulun gari, duk sanda na zo ɗiba sai in gan ta in tsine maka. Daga nan muka shiga tsinkar zaitun. Sannan na jira Dakta Suhaila, mai haɗa magunguna da masana'anta ke turo mana sau ɗaya a wata, don ba na son in gaya maka abin da ban sani ba. Ta zo ƙarshen Disamba. Washegari dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kwana goma sha shida ko alfadari bai sauka ba. Jiya aka buɗe, direba ya kawo wannan takardar taka mai tayar da hankali.

Ga abin da Dakta ta ce, ban ƙara ban rage ba. Na ce mata wani ɗan'uwana ne, ban faɗi suna ba. Ta ce a iya saninta gwajin da ka karanta a kan ɓeraye ake yi, ba ta san mutum ko ɗaya da man ya tayar wa mataccen kunne ba. Ta ce yana iya rage wa wani tashin zuciya ko ya sa shi barci, wannan ma sai likitansa ya yarda, kuma a kantin magani ake saye da suna a jikin kwalba, ba a hannun direba ba. Ta ce kada ka kuskura ka ɗiga shi a kunne. Ta ce a gwada maka na'urar ji. Na ce mata, "Dakta, mu da muke nomansa ai mun so a ce yana warkar da komai." Ta yi dariya ta ce, "Lalla Yamna, da yana gyara kunne da mazajen ƙauyen nan sun fara jin maganar matansu."

To ka ji. Kunnen da kake jira ba zai zo daga gonarmu ba. Kuma ko da ya zo, Ayyad fa? Wata huɗu yana ciki. Na san abin da wata huɗu yake yi wa gida. A wata na huɗu na sayar da awakinmu, a na shida Sha'aib ya daina tambayar ubansa.

Ban ƙona wasiƙarka ba. Na karanta wa Bushta dukkansu jiya bayan la'asar, tun daga ta farko. Ya saurara yana feƙe sanda. Da na kai wurin tsohuwar da ta sumbaci hannunka, ya ajiye wuƙar. Da na karanta ta ƙarshe, ya ce, "Ɗauko mini jallabiyar ulu." Na ce, "Da wannan tarin za ka hau hanya?" Ya ce, "Ke dai ɗauko." Shi zai miƙa maka wannan takardar da hannunsa. Ka buɗe masa ƙofa.

Yamna

Titwan, 6 ga Fabrairu

'Yar baffana Yamna,

Ina gaishe ki, ina gaida Zulikha da jariri. Na san Bushta ya iso gida, kuma na san ba zai ba ki labari ba, don haka bari ni in ba ki.

Da farko ki kwantar da hankalinki. Ritaya nake nufi. Na cike takardun ajiye aiki a kan dalilin gajiya, in sulale ba wanda ya sani. Da na sake karanta abin da na rubuta miki ta idonki, sai na ga yadda na tsorata ki a banza. Tafinta guda, ya kasa fassara kansa.

Ranar Talata da hantsi aka buga ƙofa. Nuzha ta buɗe, ta dawo ta ce, "Wani dattijo ne daga dutse, ina jin mai sayar da zuma ne." Na fito na gan shi a tsaye a kan matakala, ya rame, gemu ya yi fari fat. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce da ƙarfi, yadda duk benen zai ji, "Ashe kana raye. Yamna ta ce ka mutu ko kana hanya."

Na ce, "Bismillah, shigo, Si Bushta."

Ya ce, "Au, yau ka san sunana?"

Nuzha tana tsaye tana kallonmu. Na ce mata, "Wannan mijin 'yar baffana ne. Manomin kif ne, kamar ubana da kakana." Shekara ashirin da huɗu da aurenmu, ranar ta fara ji daga bakina. Ta ce, "Ai na sani tun kafin a ɗaura. Innarka ta gaya mini. Kai kaɗai kake ɓoyewa." Ta wuce ta ɗora shayi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Bushta bai sha shayin ba. Ya miƙo mini wasiƙarki, ya jira na karanta, sannan ya ce, "Sa takalminka."

Na ce, "Ina za mu?"

Ya ce, "Inda ka kai ni."

Na fara yi masa bayani, cewa akwai hanyoyi, akwai lauyan da zan gani a hankali. Ya ce, "Wanne ne mai jin?" Na nuna na dama. Ya zagayo ya sa bakinsa daf da shi, ya ce, "Ni na noma abin da aka kama ni da shi, na ci shekaruna, ban ce ka yi mini ƙarya ba. Wancan yaron bai yi komai ba. Ko ka shiga da ƙafarka, ko in shiga in faɗa da yarenmu, su kira ka ka fassara."

Muka tafi. Ya zauna a kan benci a baranda, ya ce shi ya gama shiga ɗakunan nan. Na shiga wurin alƙalin ni kaɗai. Yamna, na sha tsayawa kusa da masu amsa laifi, ranar ni ne na amsa nawa. Na faɗi komai, da kunnen, da mako biyar, da maganar Fattush. Bai yi tsawa ba, na so a ce ya yi. Ya cire tabarau ya ce, "Si Allal, da ka ce ba ka ji ba, minti ɗaya za mu ɓata. Yanzu dubi abin da ka ɓata." Ya sa magatakarda ya rubuta, na sa hannu.

An dakatar da ni daga ranar. Za a duba shari'a goma sha ɗaya da na yi wa tafinta, kuma akwai kwamitin da zan gurfana gabansa a watan gobe. An sake kiran Fattush da wani tafinta. Ranar Alhamis da ta wuce aka saki Ayyad kafin a sake sauraren ƙarar. Na je bakin ƙofar gidan yarin, na tsaya daga nesa. Matarsa ta gane ni, ta tako har inda nake, ta tofa yawu a gabana. Ban matsa ba.

Da muka fito daga kotu ranar, na roƙi Bushta ya kwana. Ya ce yana da awaki. Na raka shi tasha, na ce, "Ka yafe mini." Mota tana ƙara, ya faɗi wani abu ya shige. Ban ji ba. Ban sani ba ko e ya ce ko a'a, kuma wannan karon ba zan canka ba. Ki tambayar mini shi.

An gwada mini na'urar ji. Ta hagun ba ta yi komai ba, likita ya ce wata iri ce za ta dace, mai kwaso sauti ta kai wa na dama. Na tambaye shi batun man a fili, da sunansa. Ya ce bai ga amfaninsa gare ni ba, na bar maganar.

Naki,
Allal

Tizi Ufalla, 2 ga Maris

Yaya Allal,

Muna lafiya. Ƙanƙara ta narke, itatuwan almond sun yi fure, jariri ya fara zama. Ka gaida Nuzha, ka ce mata ina son in gan ta, da alama ta fi ka hankali.

Labarinka ya riga wasiƙarka isowa. A kasuwar Laraba wasu na cewa ka yi abin kirki, wasu na cewa da ma a ɗaure ka. Ni ina tsakiya. Matar Ayyad ta yi daidai, in ka sake haɗuwa da ita ka sake tsayawa.

Ga wata magana. A ƙarshen wata masana'anta za ta kawo sabuwar yarjejeniya, shafi talatin da Larabcin lauyoyi. Bara wani ya karanta mana a gurguje, tsofaffi suka dangwala yatsa ba su san me suka yarda da shi ba. Na ce da 'yan ƙungiya akwai mai iya juya mana ita layi-layi. Da na faɗi sunanka, wani dattijonmu Hajj Amar ya ce, "Kurman kotu? Shi zai sa mu sayar da gonakin muna tafi." Aka yi dariya. Na ce takarda da ido ake karanta ta. Sun yarda da sharaɗi ɗaya: duk tambayar da ba ka ji ba, ka ce ba ka ji ba, ko sau goma ne. Ba biya, sai kuskus da wurin kwana. Kada ka sa ran za a tare ka da guɗa. Wasu ba za su ba ka hannu ba, kuma sai ka fara zuwa kabarin Baffa Mohand kafin ka shiga gidan kowa.

Saƙonka kuma na isar. Na sami Bushta a bayan gida yana gyaran garma, na ce, "Allal yana tambaya, me ka ce masa a tasha, ka yafe ko ba ka yafe ba?"

Ya ce, "Cewa na yi ya matsa, mota za ta taka shi."

Na ce, "To yanzu fa? Ka yafe?"

Ya ce, "A'a."

Na juya zan tafi, sai ya kira ni. Ya ce, "Ki tambaye shi lamba nawa yake sawa. Wancan takalmin nasa na birni ba zai hau dutsen nan ba."

Ka aiko da lambar kafin Laraba.

'Yar baffanka,
Yamna